Tazarar Gida Biyu

Tun da na fara kawo muku labarin nan, tambaya ɗaya ce ta cika akwatin saƙona: wai kina son Mai Kemis ko ba kya son sa? Wata baiwar Allah har ta rubuto cewa in ba na so in tura mata lambarsa. Na karanta duka. Amsar da nake da ita har zuwa jiya ita ce ban sani ba, kuma ba rowar magana nake yi muku ba. Tun rasuwar Abba abubuwa suka daina taɓa ni yadda suka saba. Ina cin abinci, ina sallah, ina fita aiki, ina gaida mutane su amsa. Amma ji nake kamar an gitta gilashi mai kauri tsakanina da duniya. Ina ganin bakin mutum yana motsi, sautin ne ke isowa a makare.

Ga waɗanda yau suka shigo: ni mai ɗaukar hoto ce, ina yi wa wata jarida aiki a sashen wasanni. Ba albashi nake ɗauka ba, hoton da suka buga shi ake biyana. A gida daga ni sai Umma sai ƙanwata Auta, wadda take shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya. Sai kuma Goggo, yayar Abba, da ta zo mana gaisuwar rasuwa da ƙaramar jaka, yanzu akwatinta biyu a ɗakin baƙi. Mai Kemis shi ne mai babban shagon magani na bakin kasuwa. Ya nuna yana so na da aure, manya sun sani, amsata kawai ake jira.

Ranar Litinin Edita ya kira ni ofishinsa. Ya buɗe hotunan wasan da na ɗauka, ya juyo min da kwamfutar.

"Nuna min mai tsaron gida."

Na sa yatsa na nuna.

"Ke kin san shi ne saboda kina wurin. Mai karatu zai ɗauka ƙuda ne ya sauka a kan takarda." Ya juyar da kwamfutarsa. "Idonki yana da kyau, hannunki ma haka. Lens ɗinki ne gajere. An kusa buɗe kakar wasa, katin tsayawa a bakin fili ɗaya gare mu. Kika samo dogon lens, katin naki ne. Ba ki samo ba, zan ba wani. Na faɗa miki ne da wuri don kada ki ce na yi miki ba-zata."

Na ce na gode, na fito.

Lens shi ne gilashin da ake ɗaura wa kyamara a gaba. Gajere yana ɗaukar ɗaki ko taron jama'a, dogo kuma yana janyo abin da ke nesa ya kawo maka shi gabanka. Da milimita ake auna shi. Nawa iyakarsa hamsin da biyar, filin ƙwallo kuwa daga ɗari uku yake fara saurarenka. Irin manyan fararen nan da kuke gani a talabijin an jera a bayan raga kamar igwa, kuɗin guda ɗaya sai ya sayi mota.

Kuskuren da na yi shi ne faɗar maganar a teburin cin abinci. Washegari da safe wayata ta yi haske.

"Barka da asuba. Na ji labarin kayan aikin da kike nema. Ki turo min sunansa da lambarsa in sa a kawo. Don Allah kada ki ji nauyi."

Haka Mai Kemis yake rubutu, da aya da waƙafi, kamar yana rubuta ƙa'idar shan magani. Bai taɓa turo min hoton fure ko zuciya ba, kuma na yaba masa da hakan. Na kife wayar na fito falo. Goggo tana kan doguwar kujera, ta miƙe ƙafa tana shafa man zafi a gwiwa.

"'Yar jarida, an turo?"

"Goggo, ke kika gaya masa."

"Ni na gaya masa. Mutum ya ce zai saya miki igwa sukutum, ke kina ta juya cokali a shayi."

"In na karɓa ai na amsa ke nan."

"To da ma me ake nema? Igwar muke wa zaman jira?"

Umma tana ninke wanki a kan tebur, ba ta ɗago ba. "Ba mai yi miki dole, yayarsu. Amma bawan Allahn nan ya yi haƙuri, kuma mutane sun fara tambayata. Ki ce e, ko ki ce a'a. Ki daina rataye shi."

A ɗaki Auta tana gaban madubi tana ɗaura agogon aikinta a ƙirjin farar riga. Ta dubo ni ta cikin madubin.

"Yaya, ko ba komai ki amsa masa gaisuwar. Tun ɗazu saƙon yake zaune."

"Ya aka yi kika sani?"

"Wayarki ce ta yi haske a kan gado."

Na rubuta masa: "Lafiya lau. Na gode. Ina dubawa."

Ranar Laraba na sa doguwar rigata ruwan toka, na ɗaura baƙin gyale ta baya yadda ba zai faɗo gaban kyamara ba, na sa takalmin kambas, na nufi layin masu sayar da waya. A saman wani bene akwai ɗan shago da bai fi ɗakin girkinmu ba. Mai shi dattijo ne, kowa Dakta yake ce masa saboda shi ke yi wa kyamara tiyata. Na faɗa masa abin da nake nema, na faɗa masa abin da na tara daga hotunan taro da na yaye ɗalibai. Ya sauke tabarau zuwa kan hanci ya dube ni.

"'Yata, da wannan kuɗin ko murfin farar igwa sai an yi miki ragi."

"Na sani, Baba. Abin da kuɗin zai iya saya za ka nuna min."

Ya shimfiɗa tawul a kan kanta, ya jera guda uku.

Na farko gajere ne mai ƙiba kamar babban gwangwanin madara, ba nauyi. "Ɗari biyar," in ji Dakta. "Madubi ne a cikinsa, shi ya sa ya yi araha. Amma da hannu ake saita shi. Kafin ki murɗa ki kamo ɗan wasa, an ci ƙwallo, an yi murna, an koma tsakiya." Na ture shi gefe.

Na biyu ya ɗauki idona. Baƙi ne mai sheƙi kamar jiya aka ciro shi daga kwali, mai zum, wato ana murɗa shi ya matso ko ya ja baya, yana tafiya har ɗari shida. Farashin da ya faɗa ya yi sauƙin da bai kwanta min ba. Na cire murfin gaba da na baya, na kunna tocilan ɗin waya na haska ta ƙasa, na leƙa ta sama. Can cikin gilashin wasu fararen zare sun bazu kamar saƙar gizo.

"Baba, wannan ai fumfuna ta cinye shi."

Ya yi dariya har da buga kanta. "Gwada ki nake."

"Da ban haska ba fa?"

"Da na gaya miki. Bayan kin biya."

Na uku tsoho ne, ba ya ɓoye tsufansa. Fentin ya koɗe a inda hannu ke riƙewa, an naɗe bakinsa da baƙin salatif, wani ya kankare sunansa daga jiki da wuƙa. Na haska shi, gilashin garau.

"Ɗari huɗu ne tsayayye," Dakta ya ce. "Ba zum. Kina so ki matso ko ki ja baya, ƙafarki ce zum. Ba shi da abin hana rawar hannu, sai ki riƙe numfashi ko ki jingina da wani abu. Kuma ba ya aikin duhu, rana ta faɗi shi ma ya tashi. Amma in da haske, kafin ki ƙifta ya kama."

Wasanninmu da rana ake yi. Na ɗaura shi a kyamara, na nufi taga, na danna maɓallin ɗauka rabi don ya saita kansa. Ya kama allon wani shago a tsallaken titi ba tare da yawo ba. Kuɗinsa zai cinye duk abin da na tara, ko na mota ba zai rage ba.

"Tafi da shi zuwa gobe da la'asar," ya ce. "Bar min gajeren naki da katin aikinki. Ki ɗauki mutum daga nesa, ki buɗe a kwamfuta, ki duba ido. Idan ido ya fito, lens ya yi. Sauran duk surutun masu sayarwa ne."

Layinmu dogo ne miƙaƙƙe, gidanmu yana can ƙarshe. An haƙe tsakiyar layin za a sa bututun ruwa tun Abba yana da rai, har yau ba a rufe ba, don haka duk mai mota a bakin layi yake ajiyewa, gaban rumfar mai faci, ya tako. Da yamma na tsaya a ƙofar gida, na jingina kafaɗa da ginshiƙi, na fara gwaji. Na ɗauki tsuntsu a kan wayar lantarki. Na ɗauki akuya tana tsallake ramin. Na ɗauki mai keke. Sai farar mota ta tsaya a bakin layi.

Mai Kemis ya fito cikin farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana da kaifi, biro a aljihu. Waya tana kunnensa. Bai taho ba, ya tsaya jikin mota yana dariya da wanda yake magana da shi. Ban taɓa ganin dariyarsa haka ba, a falonmu murmushin ladabi kawai yake yi. Na ɗora alamar saiti a fuskarsa, na riƙe numfashi, na danna na bar yatsana a kai. Kyamara ta yi ta sauke hotuna a jere.

Da na sauke ta daga idona na hango Auta ma tana tahowa daga inda ake sauka daga bas, farar riga da shuɗiyar suwaita. Tana bayansa sosai. Tsakaninsu akwai rumfar mai faci, da gida guda, da katangar wani gidan. Ban kawo komai a raina ba, na shiga ciki na canza gyale.

A falo ya zauna a kujerar da ya saba, gefen fanka. Ƙamshin turarensa ya gauraya da ɗan warin magani da ba ya barin jikinsa. Auta ta shigo da tire ta ajiye masa shayi, ba sukari, da yankan lemun tsami a gefe. Ba wanda ya gaya mata. Ya ce, "Sannu, nas," ta ce, "Ina wuni," ta fita.

Ya miƙo min wayarsa. Hoton farin lens ne, ƙaton gaske.

"Na tambaya, sun ce daga wannan babu na gaba."

"Gaskiya suka faɗa. Amma akwai wanda nake dubawa."

"Sabo?"

"Tsoho."

Ya juya kofin a kan faranti. "Ba na so ki wahala ne kawai."

Mutumin kirki ne, wannan na sha gaya muku. Na leƙa cikin ƙirjina na nemi wani abu da zai motsa saboda maganar. Ban samu ba.

Bayan ya tafi na buɗe kwamfuta a teburin cin abinci, na sauke hotunan. Na zaɓi ɗaya, na zuƙo fuskarsa kai tsaye kamar yadda Dakta ya ce. Gashin idonsa ɗai-ɗai, har da zaren da ya tsinke a wuyan riga. Lens ya yi. Na mayar da hoton cikakke.

"Tsaya," aka ce a bayana. "Bar shi a nan."

Goggo ce, kofin ruwa a hannunta. Sai a lokacin na ga abin da take gani. Mai Kemis yana dariya, kansa ya ɗan karkata. Daidai kafaɗarsa ga fuskar Auta, ita ma da murmushi, shuɗiyar suwaitarta kamar tana gugar hannun rigarsa. Wayar da ke kunnensa ta ɓuya a ɗaya gefen. Duk wanda ya kalla zai rantse ta kwantar da kai a jikinsa ne.

Duk mai aikin nan ya san dogon lens yana cinye tazara. Abin da ke gaba da abin da ke can baya, in suka faɗo kan layi ɗaya, sai ya manna su. Shi ya sa a hoton wasa za ka ga 'yan kallo kamar suna numfashi a wuyan mai tsaron gida, alhali ko sun yi ihu da ƙyar zai ji. Na san wannan kamar yadda na san sunana.

Goggo ta ajiye kofin a hankali. "Kira uwarki. Kira yarinyar."

Umma ta zo tana goge hannu da tawul, ta kalla, ta ja kujera ta zauna. Auta ta shigo daga baya.

"Tun yaushe?" in ji Goggo.

"Tun yaushe me, Goggo?"

Ta juya mata kwamfutar. Auta ta kalli hoton, ta daɗe tana kallo. Na zaci za ta yi dariya, ko ta yi rantsuwa, ko ta ce a tambayi mai faci. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Ban yi masa magana ba," ta ce a hankali.

"Ba magana na tambaye ki ba. Ga kafaɗa, ga kai. A bakin layi, gaban kowa, mutumin da yake neman yayarki."

Umma ta juyo gare ni. "Yayarsu, ke kika ɗauka. Me kika gani?"

"Lens nake gwadawa," na ce.

Ba ƙarya na yi ba. Ba kuma amsa na ba ta ba.

Na san abin da za ku rubuto min, kada ku wahalar da yatsunku. Zan dai faɗa muku yadda abin ya kasance. Goggo ta ce, "Maganar nan ta mutu. Gobe zan aika a gaya masa kada ya sake tako layin nan." A take na gane ba wanda zai sake neman amsa a bakina. Ba sai na ce e ba, ba sai na ce a'a na ɗauki laifi ba. An buɗe min ƙofa ban taɓa ta ba, abin da ake buƙata daga gare ni kawai in ci gaba da yin shiru. Ban ji daɗi ba, ban ji tausayi ba. Na rufe kwamfutar na wanke kofuna.

Auta ba ta ci abinci ba. Ta goge farar rigarta, ta rataye, ta sake saukewa ta goge. Da safe Goggo ta ce ba inda za ta, asibitin ma a bar shi sai an san inda aka tsaya. Rigar ta ci gaba da rataye a jikin ƙofa, agogon yana maƙale a ƙirjinta yana tafiya.

Zan so in ce muku ƙaunar 'yar'uwa ce ta tashe ni. Abin da ya zo min ya fi haka sanyi. A wurin aiki, hoton da bayanin ƙasansa ya zama ƙarya ba ya wuce hannuna, ko da Edita yana tsaye a kaina yana kallon agogo. Wannan kuwa a teburin gidanmu aka rubuta masa bayani, ina zaune, na bar shi ya wuce.

Na ɗauki kyamara na je ɗakin baƙi.

"Goggo, kafin ki aika, ki taimaka min da abu ɗaya. Ki taka zuwa bakin layi, ki wuce rumfar mai faci, ki tsaya a ƙofar gida mai shuɗin fenti. Inda Auta take jiya."

"Da wannan gwiwar?"

"Da ita."

"In yi me a can?"

"Ki tsaya kawai, ki kalli gidanmu. In kina so ki yi murmushi."

Ta yi mita, ta ce yaran yanzu sun mai da manya abin aike, amma son sanin ƙwaƙwaf ya fi ƙarfin gwiwar. Ta yafa babban koren mayafinta ta fita. Umma ta tsaya kusa da ni a ƙofa. Muna kallonta tana rage girma, tana kewaye ramin, har ta isa. Mai faci yana tsaye gaban rumfarsa, daidai inda farar mota take tsayawa, cikin rigarsa da bakin mai ya rina, yana hira da wani mai babur. Na matsa hagu kaɗan har suka hau layi ɗaya. Na jingina, na riƙe numfashi, na danna.

Goggo ta dawo tana haki. "To, na tsaya. Sai me?"

Na juya mata bayan kyamarar.

Ga Goggo da koren mayafi, fuska a ɗaure irin ta masu mutunci, kanta a kwance lif a kafaɗar mai faci. Shi kuwa yana dariya, haƙora duk a waje.

"Innalillahi," ta ce. "Ni? Da mai faci?"

"Ga kafaɗa, ga kai, Goggo."

"Ko sannu ban ce masa ba. Tsakanina da shi gida biyu."

"Na sani. Jiya ma gida biyu ne."

Umma ta karɓi kyamarar ta kalla. Ta toshe baki da gefen gyale, kafaɗunta suka fara rawa, ta nemi dakalin ƙofa ta zauna. Tun rasuwar Abba ban ji dariyarta ba. Na tsaya ina kallonta har ta share ido.

"Goge shi," in ji Goggo. "A gabana. Har da na cikin cikinsa."

Na goge tana kallo. Ta shiga gida, ta tsaya a ƙofar ɗakinmu. Goggo ba ta iya ban haƙuri ba, irin nata ta yi. "Ke, tashi ki sa kayanki, marasa lafiya suna jira kina kwance." Sannan ta juyo kaina. "Tunda igwarki ce maƙaryaciya, yaron nan ba shi da laifi. Yau ki ba shi amsa. Ba gobe ba."

Ƙofar da aka buɗe min ta koma ta rufe, da hannuna.

Na tarar da Auta a gaban madubi tana ɓalla maɓallan riga.

"Yaya."

"Na'am."

"Na gode."

"Tun jiya ya kamata in yi magana."

"Na sani." Ta gyara agogon, ta sake gyarawa. "Kin goge?"

"Na Goggo na goge."

"Wancan fa?"

"Yanzu zan goge shi."

Ta ɗauki suwaita, ta sa hannu ɗaya, ta tsaya. Da madubin ta yi maganar, ba da ni ba.

"Kada ki goge. Turo min."

Ta ɗauki jakarta ta fita.

Na zauna a bakin gado na buɗe kwamfutar. Jiya idonsa kawai na duba. Na bi jerin hotunan ɗaya bayan ɗaya. Shi yana motsi, ya karkata, ya ɗaga hannu, ya juya. Babur ya shigo hoton ya fita. Wata mata mai tulu ta wuce. Auta kuwa tana wuri ɗaya daga na farko har na ƙarshe. Ba tafiya take ba. Tsayawa ta yi.

Na zuƙo fuskarta. Ido ya fito. Ba gidanmu take kallo ba, ba ramin ba, ba mai faci ba. Ƙeyarsa take kallo, daga tazarar gida biyu, da irin fuskar da na daɗe ina nema a madubina ban samu ba. A kan tazara lens ya yi ƙarya. A kan ido kuwa Dakta ya riga ya gaya min.

Na tuna shayin da ba sukari. Na tuna wayata da ta yi haske a kan gado.

Da la'asar na hau benen. Dakta yana kwankwance wata kyamara da ɗan ƙaramin sukundireba.

"Ido ya fito?"

"Ya fito, Baba."

"Kin ga ni. Za a ɗauka ko za a ajiye?"

Na ajiye masa duk abin da ke jakata. Ya ba ni gajeren lens ɗina da katina, ya ƙara min da tsohuwar igiyar rataya, ya ce kyauta ce, kada in saba.

Da ƙafa na dawo, tunda na mota bai rage ba. A hanya na tsaya inuwar wani shago na aika saƙo uku. Na Edita: "Ajiye min katin. Na samu ɗari huɗu." Na Auta, hoton kawai, ban rubuta komai a ƙasansa ba. Na Mai Kemis na rubuta na goge, na sake rubutawa, sannan na bar shi a taƙaice: "Na sayi lens, kada ka sa a kawo wancan. Na gode da haƙurinka. Amsata a'a ce, kuma ba don ka yi wani laifi ba."

Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa, ta ɓace. Na sa wayar a aljihu na ci gaba da tafiya. Igiyar Dakta siririya ce, lens ɗin kuma yana da nauyi. Kafin in kai rabin hanya kafaɗata ta fara zugi. Na lura ina jin zugin sosai, ba ta bayan gilashi ba. Ban canza kafaɗa ba.

A bakin layi mai faci ya ɗago daga kan taya. "'Yar jarida, yau na ga Goggonku ta fito shan iska. A gaishe ta."

"Za ta ji," na ce.

Ina tsallake ramin wayar ta motsa.

"Na gode da kika faɗa min da kanki. Idan kin ba ni izini, zan zo gobe da la'asar in yi wa Umma sallama. Ba na so ta ji daga bakin wani."

Daga inda nake ina hango koren mayafin Goggo a ƙofar gida, ta kafa kujera tana jiran amsa. Na tsaya a bakin ramin na rubuta masa, "Ka zo."

Gobe Auta ba ta da asibiti. Kuma a gidanmu ita kaɗai ta san yadda yake shan shayinsa.